Kofin Ingal: Nawa Ne Na Gida a Cikin Abin da Muke Sha?

A Ingal, kafin baƙo ya gama kakkaɓe ƙurar hanya an riga an hura gawayi. Mai gida zai jawo ɗan murhun ƙarfe, ya ɗora 'yar buta, ya auna ganyen shayi da ƙaramin kofin gilashi, ya zauna yana fifita wuta yana tambayar lafiyar iyali da ta bisashe. Sai an yi zubi uku ake tashi, wanda kuwa ya miƙe bayan na farko ya bar abin faɗa. Duk wanda ya zauna a ƙasar Agadas ya san da shayi ake marhabin, da shi ake hira, da shi ake sulhu idan an samu saɓani. Da za ka tare yaro a bakin kasuwa ka tambaye shi abin shan garinsu, ba zai yi dogon tunani ba.

To amma a dubi farantin nan da kyau. Ganyen daga ƙasar Sin ya zo. Sukarin ya ƙetaro teku, haka butar, haka kofunan. Abin da Ingal ta zuba a ciki shi ne ruwan rijiya, da gawayi, da hannun mai dafawa da lokacinsa. Na daɗe ina juya wannan lissafi a raina, kuma abin da ya fara tayar mini da shi wata muhawara ce da ba ruwanta da shayi, wato muhawarar mashaya giya a Amurka da Turai.

Yau kusan shekaru 40 ke nan mashaya a can suna yi wa juna wata tambaya: a giyar da ka sha bana, nawa ce ta ƙananan masu dafawa na garinku, nawa ce ta manyan kamfanoni? Tambayar tana da asali. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, domin manya sun haɗiye ƙanana har ɗanɗano ya zama ɗaya daga gabas zuwa yamma. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba mutum damar dafa giya a gidansa don amfanin kansa. Cikin waɗanda suka fara gwaji a madafin gida aka samu masu buɗe ƙananan masana'antu, har yau adadinsu ya haura 9,000. 'Yan Ingila ma tun 1971 suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya daga mamayar manya.

Ƙungiyar ƙananan masu dafawa ta Amurka, Brewers Association, ta gindaya sharaɗi ga wanda zai amsa sunan ƙarami mai cin gashin kansa: kada ya fitar da fiye da ganga miliyan 6 a shekara, kuma kada wani babban kamfanin barasa ya riƙe kashi 25 cikin 100 na jarinsa ko fiye. Da wannan ma'auni, duk yawan nan nasu, abin da suke sayarwa kimanin kashi 13 cikin 100 ne na giyar da ake sha a ƙasar. Idan kuwa da kuɗi aka auna, sai rabonsu ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu, saboda tasu ta fi tsada. Da manyan suka ga kasuwa na zamewa, sai suka shiga sayen ƙananan. A 2011 kamfanin Anheuser-Busch ya saye Goose Island ta birnin Shikago, aka bar suna da tambari yadda suke. Mai saye yana jin yana taimakon ɗan garinsu, alhali riba tana tafiya wajen gungun da a 2016 ya haɗiye SABMiller a kan sama da dala biliyan 100.

Abin da na tsinta daga wannan muhawara shi ne, ba da mudu ɗaya ake auna kalmar "na gida" ba. Ana aunawa da yawan abin da ya wuce maƙogwaro, ana kuma aunawa da kuɗin da ya fita daga aljihu. Bayan haka akwai batun wa ke da masana'antar, da batun gonar da hatsin ya fito. Abu yana iya cika wani mudun ya kasa cika sauran.

Kada mai karatu ya yi mini gurguwar fahimta. Ingal garin Musulmi ne, garin malamai tun ƙarnoni, kuma hukuncin giya a addininmu a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Malamai ba su taɓa raba ta tukunya da ta kwalba ba, tunda maye shi ne dalilin hani. Kusancin mai dafawa ba ya halatta ta, ni kuwa ba na yi wa kowa fatanta, ta gida ko ta waje. Sai dai tarihinta a yankinmu yana nuna ƙarara yadda sana'ar gida ke kuɓucewa daga hannun masu ita, don haka bari in bi ta kansa kafin in komo Ingal.

Kalmar giya ta girmi kwalba a bakin Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa ana dafa ta da hatsi, kuma ta ci gaba da zama a gayya da bukukuwan Maguzawan Kano da Katsina, da masu addinin gargajiya a Adar da Gobir da Arewa ta Dogon Dutse, har bayan jihadin 1804. Burkutu aiki ne na kusan mako guda. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Da ta nuna kuma ba ta jure ajiya, kwana ɗaya ko biyu ta lalace, shi ya sa ba a kai ta nesa. Ita ce dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a arewacin Benin da Togo, bilbil a arewacin Kamaru, pito a Gana. Kusan ko'ina mata ne masu sana'ar. Dawar ta gonar maƙwabci ce, itacen na dajin gari, tukunyar ta maginiyar unguwa, dusar kuma ta koma cikin dabbobi. Da kowane mudu ka auna, ta gida ce. Abin da Ba'amurke ke fafutikar dawo da shi da tsada, a ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna bai taɓa tafiya ko'ina ba.

Ta kwalba ce baƙuwa. An kafa Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, masana'antarsu ta Kaduna ta buɗe a 1963. Guinness ya sauka a Ikeja a 1962. A Nijar kuwa an kafa Braniger a Yamai a 1967, daga baya ya kasance ƙarƙashin gungun Castel na Faransa. Shi ne ya fitar da Bière Niger, wadda ke ɗauke da hoton raƙumin dawa, mutanen Yamai suka laƙaba mata suna Conjoncture. Suna na ƙasa, dabba ta ƙasa, ma'aikata 'yan ƙasa, amma tsiron sha'ir daga Turai, babban jari kuma na Bafaranshe. A 2019 kamfanin ya sanar da dakatar da aikin masana'antarsa, yana kukan asara da gogayyar kayan da ake shigowa da su ta kan iyakoki.

A Najeriya labarin ya yi wata kwana da ta shafi manomin Arewa kai tsaye. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma kan dawa da masara ala tilas. Ko da aka ɗage hanin daga baya, ba su rabu da dawa ba, domin sun gano ta fi araha kuma tana yin aikin. Wato wani kaso na dawar da ake lodi daga kasuwannin hatsi na Arewa can take nufa. Haka kuma Maltina da Amstel Malta da Malta Guinness, waɗanda ba su da maye, waɗanda muke rabawa a wajen suna da ɗaurin aure, daga waɗannan kamfanoni suke fitowa. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 wasu jihohi 11 suka biyo baya, Hisbar Kano takan farfasa kwalabe a bainar jama'a, amma igiyar ciniki da ta haɗa gonarmu da aljihunmu da waɗannan masana'antu ba ta tsinke ba. Maganar ba ta da daɗin ji, amma gara a san da ita.

Don haka amsar tambayar Turawa a yankinmu gajeriya ce. Ga mai shan ta kwalba, kusan duka ta manyan kamfanoni ce. Irin ƙananan masana'antun zamani da suke magana a kai sai a manyan birane, kamar Bature Brewery da ta fara a Abuja a 2017 ta koma Legas, kuma farashinta na masu hannu da shuni ne. Ga mai shan ta ƙwarya, duka ta gida ce, kuma ba ta shiga littafin kowace hukuma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na barasar da ake sha a duniya irin wannan ce marar rajista, Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin sha. Kuma kada a ɗauka "na gida" yana nufin "marar cutarwa": a 2015 ogogoro mai guba ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas.

Yanzu mu ɗauko mudun nan mu kawo shi Ingal, mu auna abin da jama'ar garin ke sha a zahiri.

Garin yana kimanin kilomita 120 yamma da Agadas, a gefen filayen Irhazer. 'Yan asalinsa su ne Isawaghan, masu harshen Tasawak, ɗan uwan Zabarmanci da ya cuɗanya da Tamashek, ko da yake a kasuwa Hausa ce ke haɗa kowa da kowa. Arzikinsu na gado biyu ne. Akwai dabinon da ke bakin ƙorama, musamman wanda suke kira almadina, wanda tarihin baka ya ce sharifai ne suka zo da irinsa daga Madina. Akwai kuma gishirin Tegidda-n-Tesumt, kimanin kilomita 80 arewa, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri a bar rana ta ƙafar da ruwan a ƙananan ramuka. Gero kam ba ya yi a nan yadda zai ciyar da gari. Tun a 1353 da Ibn Batuta ya sauka a Takadda, wadda masu binciken tarihi ke dangantawa da kufan Azelik a wannan yanki, ya tarar mutane suna rayuwa da fatauci, suna sayen hatsi da nama suna biya da sandunan jan ƙarfe. Duk wanda ya ce Ingal ta taɓa ci da sha daga gonarta kaɗai, bai san garin ba.

Amma wancan fataucin musaya ce tsakanin maƙwabta. Gishiri da dabino su yi kudu, geron Damargu da Adar da Gobir ya yo arewa, raƙumin Ba'abzine ya ci ladan ɗauka, kowa ya koma gida da rabonsa. Wannan tsari ne ya haifi abin shan da nake ganin ya fi kowanne cancantar sunan na wannan ƙasa, wato eghajira. A daka gero, a daka busasshen cuku da dabino, a haɗa, a dama da ruwa, a sha da ludayi. Da ita ake karrama baƙo ranar salla da suna da biki, ita kuma ayari ke riƙewa a doguwar tafiya domin tana kashe ƙishi tana riƙe ciki. Ka duba kayan haɗinta: dabinon lambun gari, cukun da matan makiyaya suka shanya a kan tabarma, geron manomin kudu. Ƙwarya ɗaya ta haɗa mai lambu da makiyayi da manomi, kuma ko dala ɗaya ba ta bar ƙasar ba. Fura da nono ma haka take, da kunu, da zoɓo, da ruwan tsamiya da citta da mata ke ƙullawa a leda, in ka cire sukarin da ledar.

Shayi kuwa, duk da matsayinsa, bai daɗe ba. A ƙarni na 19 ne koren shayi ya bazu a Maroko, daga nan fataken Larabawa suka ratsa hamada da shi. Da farko abin sarakuna da attajirai ne, sai cikin ƙarni na 20 ya shiga kowace bukka. Zuriya uku ko huɗu suka ishe shi ya zama al'adar da ake ji kamar da ita aka halicci hamada. Ba na kira a bar shi, kuma ko na yi kiran ba mai saurare, ni kaina ma ban iya wuni ba shi ba. Ganyen shayi ba ya fitowa a Sahara. Gonarsa mafi kusa da mu tana kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, shi ma galibi baƙin shayi ne, ba irin wanda butar Ingal ta saba da shi ba. Baƙuntar shayi dole ce. Abin da kawai nake so a lura da shi shi ne nauyinsa a aljihu. A gidaje da yawa ƙullin shayi da na sukari ne sayayyar da ba ta fashi, ko da ranar ba a sa nama a tukunya ba, haka a fadar samari daga Agadas har Damagaram. Kuɗi ne ƙanana, amma kullum ne, kuma hanyarsu ɗaya ce, waje. Gishirinmu da dabinonmu ba sa bin su zuwa Sin. Abin da ya taɓa fita daga wannan yanki zuwa can shi ne uraniyom ɗin Azelik da kamfanin SOMINA ya haƙa na 'yan shekaru kafin aikin ya tsaya, shi ma bai bi ta hannun mai shan shayi ba.

Inda abin ke ci mini rai shi ne madara, domin ita baƙuntarta ba dole ba ce. Kowace shekara a watan Satumba, ƙarshen damina, Abzinawa da Fulani Woɗaaɓe da Larabawan Azawak sukan kwararo filayen Ingal da raƙuma da shanu da tumaki don lasar gishiri da kiwon sabuwar ciyawa, a taron da duniya ta sani da Cure Salée. A lokacin nono ya yi yawa har a rasa ƙwaryar zubawa. Amma ka zauna a teburin mai shayi a cikin gari ka ce a sa maka madara, gari zai ɗebo maka: Lahda da ta biyo hanyar Asamaka daga Aljeriya, ko Nido, ko Peak. Ka sayi yogot na leda mai sunan kamfanin ƙasa, akasarinsa da garin madarar waje aka dama shi. Solani, wadda asalinta hukumar madara ce ta gwamnati kafin a sayar da ita, da Niger Lait da aka kafa a 1994, kamfanoni ne na gida masu ba 'yan ƙasa aiki, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Sai dai idan aka auna su da mudun "ina saniyar take", yawancin abin da suke sarrafawa ya faɗi, kamar yadda kwalba mai raƙumin dawa ta faɗi.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma zalunci ne a ɗora laifin kan mai shayi ko kan kamfani kaɗai. Nono na lokaci ne: ya cika a damina, ya ƙafe da rani, alhali masana'anta tana son awo ɗaya kowace safiya. A zafin Irhazer madarar da aka tatsa da asuba ba ta kaiwa azahar ba tare da sanyi ba. Rugage a warwatse suke, yau nan gobe can, babbar hanyar kwalta ta Tawa zuwa Agadas da Arlit kuma ta bi ta gefe, reshe ne kawai ke shiga Ingal. Akwai kuma al'ada. A wajen Abzinawa da yawa, sayar da madara abin kunya ne tun kaka da kakanni, baƙo da mabuƙaci ake ba kyauta, saɓanin matan Fulani da tallan nono ya zama dukiyarsu ta kansu. Wannan karamci abin girmamawa ne, amma ya sa madarar raƙumi ta jima ba ta shiga kasuwa ba. Sannan ga batun lafiya, wanda masu kishin na gida ba su cika son a taɓo ba: ɗanyen nono yana iya ɗaukar tarin fuka da cutar ɓarin dabbobi da makiyaya ke kira bakkale. Uwar da ta zaɓi gwangwani don yaronta ba wawta ta yi ba.

Sai dai babban dalili farashi ne, kuma shi ba a Ingal aka yanke shi ba. A 2015 abubuwa biyu suka haɗu. Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su iya samarwa, madara ta yi musu yawa. A shekarar ce kuma harajin shigo da kaya na bai-ɗaya na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya fara aiki, inda aka sa kashi 5 cikin 100 kacal a kan garin madarar da ke zuwa cikin manyan buhuna. Mafi yawan abin da ke shigowa ma ba cikakkiyar madara ba ce. A can ake cire man shanun a sayar da shi da tsada, a maye gurbinsa da tataccen man kwakwar manja, a busar, a turo mana. Ana buɗe buhun a kasuwa a ƙulla a ƙananan ledoji ba rubutu ba bayani, mai saye yana ganin fari ya ce madara. Bafillatanar da ta yi tafiyar sa'o'i da ƙwarya a ka, da wannan ake cewa ta yi gogayya.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya irin su APESS da Billital Maroobe, tare da abokan aikinsu, sun ƙaddamar da gangamin Mon lait est local, wato madarata ta gida ce, a ƙasashen Afirka ta Yamma. A kewayen Yamai an kafa cibiyoyin tara madara a Hamdallaye da Kollo, inda makiyaya ke kawowa a gwada, a sanyaya, a kai wa masana'antu. A Muritaniya, ƙasar hamada irin tamu, masana'antar Tiviski tana sayen madarar raƙumi daga makiyaya tana tafasawa tana zubawa a kwali tun 1989. Abin da ya yiwu a Nuwakshot ban ga abin da zai hana shi a Agadas ba, balle yanzu da firji mai aiki da hasken rana ya shiga ƙauyuka. Cuku ma hanya ce da iyayenmu mata suka riga suka gano ta adana nonon damina zuwa rani, abin da yake buƙata tsabtataccen wurin shanya ne da kasuwa mai tabbas.

Shekarar 2023 ta koya mana karatun da bai kamata a manta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta toshe, farashin kayan masarufi ya tashi a kowace kasuwa. Ta arewa ma, duk lokacin da Aljeriya ta tsaurara tsaro a kan kayan da take tallafa wa farashinsu, ledar madara takan yi tsada a Agadas da Ingal. A irin waɗannan ranaku gidan da ke da akuya biyu a ɗaure bai rasa abin ba yara ba. Ban ce a wayi gari a ninka haraji ba, domin talakan birni da ba shi da akuya da wannan garin yake raya 'ya'yansa, kuma da rani nonon gida ba zai wadatar ba. Amma harajin da ke hawa sannu a hankali, wanda ake zuba kuɗinsa a cibiyoyin tara madara da abincin dabbobi na rani, abu ne mai yiwuwa.

To nawa ne na gida a cikin abin da Ingal ke sha? A ruga da damina, kusan duka, in ka cire shayi. A cikin gari da rani, in aka ajiye ruwan rijiya gefe aka auna da mudun kuɗi, hukuncina shi ne mafi yawa na waje ne, kuma rabon na gida raguwa yake yi duk lokacin da yaro ya tashi ya fi sanin lemon kwalba a kan eghajira. Mai shakka ya gwada da kansa: ya riƙe takarda mako guda, ya rubuta duk abin da ya kashe a kan shayi da sukari da madara da lemo da fura, ya ware wanda ya tsaya a hannun ɗan ƙasa da wanda ya wuce.

Kirana ga majalisar garin Ingal da masu shirya Cure Salée shi ne, a taro mai zuwa a tarbi manyan baƙi a rumfar hukuma da tafasasshen nonon Irhazer da eghajira mai dabinon almadina, a saye su daga hannun matan gari da na rugage a biya su nan take. A nemi abokan aiki a kafa wa garin cibiyar tara madara mai firjin hasken rana, ko da ƙarama ce. Hukumomin Yamai kuma su wajabta rubuta gaskiya a kan kowace leda da kowane gwangwani, da harshen da mai saye zai gane, domin ya san ko man shanu ya saya wa ɗansa ko manja.